Yawon teku a Dubai: Abin da ya kamata baƙo ya sani kafin ya shiga jirgi

Shekara da shekaru ke nan 'yan kasuwa daga Kano, da Katsina, da Maraɗi, da Damagaram, har ma da zangunan Kumasi da Accra, ke zuwa birnin Dubai na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa domin sarin kaya. Galibinsu kan sauka ne a ɓangaren Deira, inda kasuwannin zinariya, da yadi, da turare, da wayoyin salula suke. A 'yan shekarun nan kuwa, ban da fatake, akwai iyalai da sababbin ma'aurata da ke zuwa hutu kawai.

A otal-otal ɗin unguwar Port Saeed da maƙwabtanta, da wuya baƙo ya kwana biyu ba a miƙa masa takardar tallan wata irin fita ba: hawa ƙaramin jirgin ruwa mai gudun tsiya, sa'an nan a shiga teku da gilashi a fuska da bututun shaƙar iska a baki, a yi kallon kifaye da murjani. Hotunan da ke jikin takardun suna da ban sha'awa. To sai dai kuma ga mutumin da ya tashi a inda teku mafi kusa ke da nisan ɗaruruwan kilomitoci, wanda watakila bai taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙugunsa ba, al'amarin ya shafi aljihunsa da lafiyarsa, wani lokacin ma har da ransa.

Unguwar bakin ruwa

Port Saeed ta Dubai, wadda ba ita ce Port Sa'id ta bakin mashigin Suwez a Masar ba, tana gefen wani reshen teku ne da ya kutsa cikin tudu har tsawon kilomita 14, wanda mutanen ƙasar ke kira Khor Dubai. A bakin wannan ruwa ne iyalan Al Maktoum suka kafa mulkinsu a shekara ta 1833, bayan sun taso daga Abu Dhabi. Yasar ruwan da Sheikh Rashid bin Sa'id ya sa aka yi a ƙarshen shekarun 1950 ita ce ta bai wa manyan jirage damar shigowa, kuma tun kafin a gano mai a 1966 ta ɗaga darajar garin a matsayin kasuwa.

An san bakin ruwan Deira da manyan jiragen katako masu jigilar shinkafa, da tayoyi, da firji, da sauran tarkace zuwa Iran, da Somaliya, da Yaman, da Indiya. A unguwar Port Saeed ne kuma aka buɗe wata babbar cibiyar kasuwanci ta Deira a 1995, ga kuma filin jirgin sama kusa. Wanda ke son ɗanɗana ruwa ba tare da kasada ba yana iya shiga kwalekwalen katako mai inji da ake kira abra, wanda ke tsallakar da mutane kamar 20 tsakanin Deira da Bur Dubai cikin 'yan mintoci. An daɗe ana biyan dirhami 1 kacal.

Abu na farko da ya kamata baƙo ya fahimta shi ne, a wannan ruwa ba a gudu da jirgi, ba a kuma leƙen kifi. Ruwan ba shi da haske, kuma zirga-zirgar jirage ta yi yawa. Saboda haka idan aka sayar wa mutum tikiti a Port Saeed, abin da ake nufi shi ne mota za ta ɗauke shi daga ƙofar otal zuwa wani wurin dabam. Ko wane wuri ne, wannan ita ce tambayar da ta kamata ya yi kafin ya ciro kuɗi.

Fita iri uku

Iri na farko shi ne zagayen birni ta ruwa. Ana tashi ne galibi daga unguwar Dubai Marina, a kewaya tsibirin Palm Jumeirah mai siffar bishiyar dabino, wanda aka soma ginawa a 2001, a tsaya gaban otal ɗin Burj Al Arab da aka buɗe a 1999 domin ɗaukar hoto, a dawo. Tafiya ce ta awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma yawanci babu shiga ruwa a cikinta. Ko da an shiga, ƙasan tekun da ke gaban Dubai galibinsa yashi ne, ayyukan cike teku kuma sun shafi murjanin da ke wurin.

Iri na biyu, wanda shi ne ainihin leƙen ƙarƙashin teku, yana gaɓar gabas ne, wato ta ɓangaren Tekun Oman. Motar kan baro Deira da sassafe, ta ratsa hamada da duwatsun Hajar, cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu ta isa masarautar Fujairah ko garin Khor Fakkan na masarautar Sharjah. Wuraren da suka fi suna su ne tsibirin Snoopy da ke kusa da gaɓar Al Aqah, wanda Turawa suka laƙaba wa sunan wani karen zanen barkwanci na Amurka saboda siffar dutsen, da Dutsen Dibba, da kuma wani tsibiri da ke gaban Khor Fakkan. A kan wannan hanya ne masallacin Al Bidya yake, ɗan ƙaramin gini mai ƙubba huɗu da ake danganta shi da ƙarni na 15. Garin Dibba kansa yana cikin tarihin Musulunci, domin a nan ne aka yi ɗaya daga cikin yaƙe-yaƙen Ridda a zamanin Halifa Abubakar.

Iri na uku shi ne zuwa Musandam, wani yanki na ƙasar Oman da ya miƙe zuwa mashigin Hormuz. A can duwatsu ne masu tsawo suka faɗa cikin teku, ruwa ya shiga tsakaninsu lungu-lungu. Daga garin Khasab ake shiga jirgi, sau da yawa ana ganin kifayen dolfin suna bin sa, sa'an nan a yada zango kusa da wani tsibiri inda Turawan Ingila suka kafa tashar wayar tangaraho a 1864, a kan layin da ya haɗa su da Indiya, suka kuma bar ta bayan 'yan shekaru. Amma zuwa Khasab tsallake iyaka ne. Mai fasfon Najeriya, ko Nijar, ko Gana, tilas ya tabbatar da cewa yana da izinin shiga Oman, kuma bizarsa ta Dubai ta ba shi damar fita ya sake shigowa. Wanda bizarsa ta shiga sau ɗaya ce, yana iya samun kansa a bakin iyaka, kayansa kuwa suna Deira.

Kafin mai, lu'ulu'u

Abin da a yau ya zama wasan baƙi, a da sana'ar rai da mutuwa ce ga mutanen wannan gaɓa. A farkon ƙarni na 20, masarautun da daga bisani suka haɗe a 1971 suna da jiragen neman lu'ulu'u fiye da 1,200, fiye da 300 daga cikinsu na Dubai ne. Daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin da zafi ya fi tsanani, maza kan watse daga gari su tafi teku.

Mai nutso ba shi da gilashi, ba shi da bututu. Wani ɗan matsi na ƙoƙon ƙififiya yake sa wa hancinsa, ya rataya kwando a wuya, ya taka dutsen da aka ɗaure da igiya domin ya kai shi ƙasa da sauri. Cikin minti ɗaya ko fiye kaɗan zai tsinci abin da ya samu na kumbunan da ake samun lu'ulu'u a cikinsu, ya ja igiya, abokin aikinsa da ke cikin jirgi ya jawo shi. Haka zai yi ta yi sau gommai a wuni, abincinsa dabino da gahawa da safe, shinkafa da kifi da dare. Da yawa sun kurmance, wasu idanunsu sun lalace, akasarinsu kuma cikin bashin masu jirage suka rayu, har 'ya'ya su gaji bashin iyayensu.

Abubuwa biyu ne suka kashe sana'ar: karyewar tattalin arzikin duniya na 1929, da kuma lu'ulu'un kiwo na Japan, wanda Kokichi Mikimoto ya soma samarwa tun 1893. Sai da aka fara fitar da mai a 1969 ne Dubai ta sami wata babbar kafar kuɗi.

Wannan labari ba baƙo ba ne ƙwarai ga wanda ya san Argungu. A bikin kamun kifi da aka soma a 1934, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, masunta kan faɗa kogin Matan Fada da koma a hannu, suna kwance a kan gora. Wannan gorar ita ce rigar ruwansu. Akwai kuma gasar nutso a cikin wasannin kabanci. Darasin da ke ciki shi ne, hatta waɗanda suka gaji ruwa ba sa raina abin dogara, kuma ba sa shiga sai Sarkin Ruwa ya ba da izini.

Cikin jirgi

Jiragen da ake amfani da su ƙanana ne, wasu gefensu na roba ne da aka hura wa iska, da inji ɗaya ko biyu a baya, suna ɗaukar mutane goma zuwa ashirin. Da zarar an bar gaɓa matuƙi ya ba da wuta, goshin jirgin kan ɗaga, ya riƙa dukan igiyar ruwa kamar motar da ke gudu a kan hanya mai gargada. Na gaba su suka fi jin jiki. Dalili ke nan da ya sa kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar mata masu juna biyu da masu ciwon baya ko wuya, dattawa kuma an fi so su zauna a baya.

Kowa zai jiƙe, saboda haka fasfo da kuɗin sari ba wurinsu ba ne nan. Hula, ko rawani, ko ɗankwalin da ba a ɗaure da kyau ba, iska ce za ta tafi da su.

Sai kuma batun jiri da amai. Yana faruwa ne saboda kunne na jin motsi, ido kuwa yana ganin kujera a tsaye, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Abin da ke taimakawa shi ne a ci abinci kaɗan mara maiƙo, a riƙa kallon nesa inda sama ta haɗu da ruwa, a daina duban waya. Akwai magungunan da ake sha kafin a tashi, amma wasunsu na sa barci, wanda ba abu ne mai kyau ba ga mai shirin shiga ruwa. Ya kamata a tambayi likita ko mai kantin magani.

Gilashi da bututu

Kayan aikin guda huɗu ne: gilashin da ke rufe idanu da hanci, da bututu mai lanƙwasa da ake ciza a baki, da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, da rigar da ke hana nutsewa. Mutum ba nutso yake yi ba. Kwanciya yake yi rub da ciki a saman ruwa, fuskarsa a ciki, bakin bututun yana sama yana ba shi iska.

Tsawon bututun bai wuce santimita 40 ba, kuma akwai dalili. Idan ya fi haka, iskar da mutum ya fitar ita zai riƙa sake shaƙa. Bugu da ƙari, nauyin ruwa na danne ƙirji. A zurfin mita ɗaya ma shaƙar iska ta bututu ya gagara, a zurfin mita 10 kuwa matsin da ke kan jiki ya ninka na sararin tudu.

Mintocin farko su ne masu wuya. Jiki bai saba da numfashi ta baki kawai ba, balle fuska tana cikin ruwa, don haka zuciya kan buga da sauri. Jagoran kirki yakan sa baƙi su gwada a ruwan da bai wuce ƙirji ba, su yi numfashi a hankali har sai sun natsu. Idan ruwa ya shiga bututu, huci ɗaya mai ƙarfi ya isa ya fitar da shi. Idan gilashi ya yi hazo, tsohuwar dabarar masu nutso ita ce a shafa masa yawu a ɗauraye. Masu gashin baki mai yawa su sa ran ruwa zai riƙa ɗan shiga ta ƙasan hanci. Akwai kuma wani gilashi na zamani mai rufe fuska baki ɗaya, wanda masana suka nuna damuwa cewa idan ba a ƙera shi da kyau ba yana iya tara gurɓatacciyar iska.

Wani abin kwantar da hankali shi ne, ruwan teku ya fi na madatsar Tiga ko tafkin Kainji ɗaukar mutum, saboda gishirin da ke cikinsa. Amma gishirin nan na ƙona ido da maƙogwaro, kuma teku na da ja, abin da kududdufin unguwa ba shi da shi.

Abin da ido zai gani

Gani ya kori ji, in ji masu iya magana. A cikin ruwa komai kan bayyana kusa, ya kuma fi ainihin girmansa da kusan kashi ɗaya cikin uku. A gaɓar Fujairah ana ganin garken ƙananan kifaye masu zane baƙi da rawaya, da wani kifi mai baki kamar na aku, wanda ke gatsar murjani har a ji ƙarar haƙoransa, da wani ɗan ƙarami mai ruwan goro da ke zaune cikin wata halitta mai kama da fure. Ana yawan cin karo da ƙififiyar teku, wadda ke tasowa lokaci-lokaci ta shaƙi iska. Wani lokacin akan ga ƙananan kifayen shak masu baƙi a bakin fiffike. Masu tsoron mutum ne, yawanci su ke gudu.

Kalmar murjani kuwa tsohuwa ce a bakin Bahaushe, domin iyayenmu mata sun yi ado da shi. Sai dai jan murjanin tsakiya, wanda fatake ke kawowa, daga Bahar Rum ake samo irinsa. Na wannan teku galibi ruwan ƙasa ne ko kore-kore, wani kamar rassan ƙirya, wani kamar tulin ƙwallo. Ba dutse ba ne, ba kuma tsiro ba ne. Tarin ƙananan halittu ne masu rai, waɗanda ke gina gidajensu da wani abu mai kama da alli, wasu irin ba sa ƙaruwa da fiye da santimita ɗaya a shekara.

Kada baƙo ya sa ran ganin abin da ke cikin takardar talla daidai-wa-daida. Akwai ranakun da ruwan ke garai, akwai ranakun da yake kore saboda ƙananan tsirran da ke cikinsa, ba a ganin abin da ya wuce 'yan mitoci. Kazalika Fujairah na ɗaya daga cikin manyan wuraren da jiragen dakon kaya ke shan mai a duniya, don haka ana hango su jere a nesa, kuma wani lokacin ɗigon baƙin mai kan iso gaɓa.

Iya ruwa fid da kai

Haɗarin da ya fi girma ba daga kifi yake ba, daga sakacin ɗan Adam yake. A ranar 30 ga watan Maris na 2006, wani jirgin shaƙatawa mai suna Al Dana ya kife a gaɓar Bahrain, mutane 58 suka mutu, bincike kuma ya nuna cewa jirgin bai cancanci irin wannan fita ba. A watan Yulin 2018, masu yawon buɗe ido 47 'yan China suka halaka kusa da tsibirin Phuket na Tailan, lokacin da guguwa ta kifar da jirginsu. A gida ma labarin ɗaya ne: a ƙarshen watan Nuwamban 2021 mutane 29, galibinsu ɗaliban Islamiyya, suka rasu a ruwan Bagwai na jihar Kano, a watan Yunin 2023 kuma fiye da mutane 100 da ke dawowa daga biki suka nutse a yankin Patigi na jihar Kwara. Abubuwan da ake ta ambata bayan irin waɗannan masifu ba sa sauyawa: lodi fiye da kima, rashin rigar ruwa, da raina yanayi.

A Dubai da Fujairah akwai hukumomin da ke bai wa jirage da kamfanonin yawon buɗe ido lasisi, kuma fasinja na da ikon ya nemi gani. Kamfanin kirki yakan bai wa kowa rigar ruwa daidai jikinsa, har da yara, ya yi bayani kafin a tashi, ya kashe inji kafin kowa ya sauka domin farfela na yanka kamar wuƙa, ya sa jagora cikin ruwa tare da baƙi, ya kuma ƙirga mutane kafin a juyo. Idan cibiyar hasashen yanayi ta ƙasar ta yi gargaɗin teku ya harzuƙa, musamman lokacin da iskar shamal ke kaɗawa daga arewa maso yamma, to fasa tafiyar ya fi. Lambar 'yan sanda ita ce 999, ta motar asibiti 998, ta masu tsaron gaɓa 996.

Wanda bai iya iyo ba ya faɗa tun a tudu. Ba abin kunya ba ne. Kada kowa ya shiga shi kaɗai, domin mai nutsewa ba ya kururuwa kamar yadda ake gani a fim, shiru yake tafiya. Wanda ruwa ya ja, kada ya yi kokawa da shi har ya gaji, sai ya kwanta a kan rigarsa ya ɗaga hannu. Haka kuma kada a yi ta haki da gangan domin a daɗe a ƙasa, don hakan na sa suma cikin ruwa ba tare da wata alama ba.

Masu hawan jini, da ciwon zuciya, da asma, da farfaɗiya, su nemi shawarar likita. Masu cutar sikila, wadda ta yawaita a ƙasar Hausa, su yi hattara ƙwarai, domin sanyin ruwa, da gajiya, da ƙishirwa duk suna iya tayar da ciwon. Wani nazari da aka yi a jihar Hawaii ta Amurka, inda baƙi da dama suka rasu a irin wannan wasa, ya nuna cewa wahalar jan iska ta bututu na iya sa ruwa ya taru a huhu, musamman ga masu matsalar zuciya. Duk wanda ya ji numfashinsa na yankewa, ko ƙarfinsa ya ƙare ba dalili, ya cire bututun ya nemi a fitar da shi nan take.

Dangane da halittun ruwa kuwa, doka ɗaya ce: a kalla, kada a taɓa. Akwai wata mai ƙaya kamar bushiya da ke maƙale cikin duwatsu, akwai wani kifi mai dafi da ke kama da dutse sak, akwai macizan teku, da wata halitta mai santsi da ke ƙuna kamar wuta. Galibin masu rauni, su ne suka kai hannu ko ƙafa.

Lokaci, kuɗi da sutura

Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga Oktoba zuwa Afrilu ne yanayi ya fi daɗi. A watannin Yuli da Agusta zafi kan haura digiri 40, ga gumi, a Janairu da Fabrairu kuma ruwan kan yi sanyin da zai sa mutum rawar ɗari bayan rabin awa. Baƙar fata ma tana ƙonewa da rana, musamman bayan wuya da kafaɗu, kuma mutum na rasa ruwan jikinsa ko da yana cikin teku. Mai azumi gara ya ɗage fitar.

Farashi ya bambanta, amma tun da dirhami na ɗaure da dala, wato dirhami 3.67 a kan dala ɗaya, faɗuwar darajar naira ta sa komai ya ƙara tsada ga ɗan Najeriya. Ya kamata a ji tun farko ko kuɗin ya haɗa da mota, da kayan ruwa, da abinci, da kuɗin shiga gaɓa, domin wasu wuraren ta harabar otal ake bi. A kuma ji ko ana mayar da kuɗi idan yanayi ya hana fita. Araha dai ba ta ado, tikitin da wani ya tsayar da mutum a titi ya sayar masa kuwa ba shi da mai shi.

Batun biza ma ba a tsaye yake ba. A 2022 Daular ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza, kamfanin Emirates ya daina zuwa ƙasar. An ɗage takunkumin a watan Yulin 2024, jiragen kuma suka koma Legas a watan Oktoba na shekarar, amma sharuɗɗan sun ci gaba da sauyawa. Haka nan al'amuran tsaro: a watan Mayun 2019 an yi wa jiragen ruwa huɗu ɓarna a gaɓar Fujairah, yaƙin Isra'ila da Iran na watan Yunin 2025 kuma ya dagula zirga-zirgar jiragen sama a yankin. Wajibi ne a bi sanarwar hukumomi kafin a kama hanya.

Ga mata, ana sayar da kayan iyo masu rufe jiki daga kai har idon sawu, kuma ba baƙon abu ba ne a gaɓar ƙasar. Abin da bai dace ba shi ne shiga ruwa da abaya, ko dogon hijabi, ko babbar riga, domin tufafi masu yalwa na shan ruwa, su naɗe ƙafafu. Iyalin da ke son sirri na iya ɗaukar shatar jirgi su kaɗai. Ruwan teku kuwa mai tsarki ne a wurin malaman fikihu, ana alwala da shi, ga masallatai kuma a duk garuruwan gaɓa.

Murjani cikin wahala

Tekun Fasha ba shi da zurfi sosai, ya kuma fi yawancin tekuna gishiri, da bazara zafin ruwansa kan kai digiri 35. Murjanin da ke cikinsa na daga cikin waɗanda suka fi jure zafi a duniya, abin da ya sa masana, ciki har da na reshen Jami'ar New York da ke Abu Dhabi, ke nazarinsa domin sanin makomar sauran. Duk da haka juriyar na da iyaka. Idan zafi ya wuce kima, murjani kan yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu. Hakan ya faru a 1996, da 1998, da kuma 2017, lokacin da aka yi asarar kusan kashi uku cikin huɗu na murjanin da ke wuraren da aka yi nazari a ruwan Abu Dhabi. A gaɓar gabas kuwa, guguwar Gonu ta 2007, da wata annobar ƙananan tsirrai da ta rina ruwa ja daga 2008 zuwa 2009, sun yi wa murjanin Dibba mummunar ɓarna.

Hukumomi sun ɗauki matakai. Tun a shekarun 1990 Fujairah ta keɓe wasu wurare, ciki har da kewayen Dutsen Dibba, inda aka hana su da ɗibar murjani. Abu Dhabi ta soma wani shirin renon murjani da sake dasa shi a 2021, Dubai kuma ta bayyana shirin zuba dubban gine-ginen da kifi zai zauna a ciki a ƙarƙashin teku, lokacin da ta karɓi baƙuncin taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2023.

Shi ma baƙo yana da nasa rabon aikin. Tsayawa da ƙafa a kan murjani domin a huta ko a gyara gilashi na karya abin da ya yi shekaru yana girma. Bin ƙififiya da gudu na hana ta tasowa shan iska, watsa wa kifi burodi kuma na ɓata masa ɗabi'a. Ledar da aka jefa daga jirgi, sau da yawa cikin wata dabba take ƙarewa. Yawan jiragen da ke zuwa waɗannan 'yan tsibirai na ƙaruwa, wuraren kuwa ba sa ƙara faɗi, saboda haka abin da masu zuwa nan gaba za su tarar ya dogara ne a kan zafin ruwan shekaru masu zuwa, da kuma halin waɗanda ke shiga a yau.